Azumi da ciwon suga: abin da ake ɓoye wa likita

Da an ga watan azumi, tsofaffi masu ciwon suga da dama a Maraɗi da Damagaram kan sauya shan maganinsu ba da sanin likita ba. Wani ya ajiye shi sai bayan salla, wani ya haɗa na safe da na dare ya shanye da sahur. Wannan haɗin na da haɗari: ƙwayar glibenclamide da allurar insulin kan kayar da suga da tsakar rana, mutum ya kama karkarwa da zufa, har ya suma.

Sau da yawa kunya ce. Dattijon da ya shekara 50 yana azumi ba ya so jikoki su gan shi yana ci da rana, ko da yake addini ya yi wa marar lafiya rangwame. Ma'aikaciyar jinyar da ta soma da faɗa ba za ta ji gaskiya ba. Wadda ta ce "Baba, kuna da niyyar azumi bana?" ita ake gaya wa, sai a gyara lokutan magani tun cikin Sha'aban. In awo ya nuna ƙasa da 0,70, a karya azumi da abu mai zaƙi nan take.

Ku masu aiko kuɗin magani daga Abijan ko Libiya, ku tambaya ko an kai Baba awo kafin ganin wata.