Ko Kun Sani? Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya

A da, ranar 11 ga Nuwamba Nijeriya ke tunawa da sojojinta da suka kwanta dama, kamar sauran ƙasashen renon Ingila, domin a ranar ce aka tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918. Daga baya aka mayar da bikin 15 ga Janairu, ranar da Philip Effiong ya miƙa wuyan Biyafara ga Janar Yakubu Gowon a Barikin Dodan, Legas, a 1970. Duk shekara shugaban ƙasa ko wakilinsa kan ajiye furanni a Abuja, a saki fararen tattabaru. Dattawan Arewa kuwa ba su manta ba: ranar 15 ga Janairun 1966 aka kashe Sardauna.