Abin Da Ke Bayan Sunan Dakta

A zamanin En'e, in aka ce Dakta a Lardin Katsina, ba wanda a ke nufi sai likitan asibiti. Yanzu kuwa akwai wani Dakta wanda ba ya allura, ba ya ba da magani, watau mutumin da ya sami digiri na uku a jami'a, wanda mutane ke kira digirin digirgir. Tun da aka kafa Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina cikin 2006, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma cikin 2011, ƙofar ta matso kusa da gida. Malaman makaranta da akawunan ƙaramar hukuma a Kankiya da Kusada, har da ƙauyuka irin su Kaikai, sun fara tambayar juna ko su ma za su iya. Za su iya mana. Amma ya kamata su san irin kayan da za su ɗauka tun ba su yi gammo ba.

Wannan karatu ya bambanta da wanda aka saba da shi. Ba zaman aji ne ba inda malami zai biya, ɗalibi ya haddace. Mutum zai zaɓi wata matsala guda wadda ba a warware ta ba, ya bi diddiginta shekara uku ko fiye, ya rubuta kundi a kanta, sa'an nan ya tsaya gaban masana, cikinsu har da wani da aka ɗauko daga wata jami'a, ya kare abin da ya rubuta da bakinsa. A kan ba shi malami guda ko biyu masu duba aikinsa. Ban da su, shi kaɗai ne da takardunsa.

Ba sai mun tafi nesa ba wajen neman misali. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, wanda aka haifa a Musawa cikin 1945, ya yi wani yanki na karatunsa na firamare a nan Kankiya. Ya sami digirinsa na farko a Lancaster ta ƙasar Ingila cikin 1967, ya komo ya koyar a Kwalejin Barewa ta Zariya, daga nan ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya gama digiri na uku cikin 1974 a hannun Farfesa Abdullahi Smith. Abin da ya bincika shi ne tarihin Katsina, yadda sarautar da ta faɗi a lokacin jihadi, da yadda aka kafa sabon mulki a madadinta, har zuwa 1903 da Turawa suka iso.

To, dubi abin da aikin ya bukata. Tarihin Katsina ba a wuri ɗaya ya ke ba. Wani yana cikin littattafan Larabci a hannun malamai, wani yana cikin rubuce-rubucen matafiya irin su Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya fara shiga Katsina cikin 1851, wani yana bakin tsofaffi a ƙauyuka, wani kuma yana can Maraɗi, inda zuriyar sarakunan da aka kora suka kafa mulkinsu, a ƙasar da ta koma hannun Faransa daga baya. Dole mai bincike ya taka zuwa kowanne, ya zauna, ya saurara, kuma kada ya gaskata kowa sai ya gwada maganarsa da ta wani. Bala Usman bai kyale ko Barth ba, ya tuhumi labarinsa kamar yadda alƙali ke tuhumar shaida. Ya kuma ƙi yarda da abin da Turawa suka daɗe suna faɗi, cewa jihadi faɗa ne kawai tsakanin Filani da Hausawa. Ɗalibi ya saɓa wa manyan littattafai ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne, gama waɗanda za su jarraba shi a kan waɗannan littattafan suka tashi.

Wani zai ce ai shi ɗan sarauta ne, ɗan Durɓin Katsina, kome ya zo masa da sauƙi. Gaskiya ne sarauta na buɗe zaure. Amma a ganina tana iya rufe baki kuma, domin talaka ba ya sakin jiki ya faɗa wa ɗan sarki laifin sarakuna. Ko ta yaya dai, kundin da aka gama cikin 1974 bai fito a matsayin littafi ba sai 1981.

Mu komo ga malamin yau, a ce yana koyarwa a Kaikai, yana da mata da 'ya'ya biyar da gona. Wahalarsa ta fari kuɗi ne, kuma ba kuɗin makaranta kaɗai ba. Akwai na mota zuwa Zariya ko Kano ko Katsina, da na masauki, da na buga kundi, wanda za a yi ta bugawa ana gyarawa har mutum ya daina ƙirga. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana ɗaukar nauyin malaman jami'o'i da manyan kwalejojin gwamnati ne, malamin firamare da akawu ba sa ciki. Saboda haka wanda zai shiga ya fara neman hutun ƙaro ilmi a rubuce, ya tabbata ko da albashi ne ko babu, ya ajiye takardar wuri mai kyau. Alkawarin baki a ofis ba ya tsallake canjin shugaba.

Ta biyu lokaci. A takarda shekara uku ce mafi ƙaranci, amma takarda ba ta san yajin aiki ba. Cikin 2020 malaman jami'o'i sun yi wajen wata tara ba su aiki, cikin 2022 kuma suka yi wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wanda binciken nasa na ƙauye ne ya gamu da wata matsalar dabam, gama 'yan bindiga sun sa shiga wasu ƙauyukan yammacin jihar ya zama kasada, musamman bayan sace ɗaliban Ƙanƙara cikin Disamba 2020. Hikima ita ce mutum ya zaɓi abin da ƙafarsa za ta iya kaiwa, aljihunsa kuma ya iya ɗauka. Tarihin kasuwar Kankiya kaɗai, ko yadda a ke koyar da karatu a makarantun Kusada, ya isa kundi in an tona shi sosai. Masu ɗaukar Afirka ta Yamma dungum su ne su kan kwana a hanya.

Amma abin da ya fi karya mutane ba a faye faɗarsa ba, shi ne ciwon zuci. Na san wani malami, ba zan faɗi sunansa ko jami'arsa ba, wanda ya kai wa mai duba aikinsa babi guda, ya yi wata bakwai yana jira. Ran da aka mayar masa, jan biro ya fi baƙin rubutu yawa. Ya ce mini ya yi kwana arba'in bai buɗe jakar ba, in ya gan ta a kan kujera sai gabansa ya faɗi. A masallaci ana ce masa Dakta don zolaya, surukinsa na tambaya wai wannan wane irin karatu ne da ba a saukewa, matarsa kuwa ta fara zaton ba karatu ne ke kai shi Zariya ba. Ya daina zuwa suna da ɗaurin aure don gudun tambaya, aka ce girman kai ya shige shi. Alhali kunya ce ke cinsa, yana ganin kamar an yi kuskure ne aka ɗauke shi, yau ko gobe asirinsa zai tonu. Wannan tunani ya kan kama har masu hazaƙa, kowa kuwa yana tsammani shi kaɗai ne.

Abin da ya cece shi ba wani abin mamaki ba ne. Ya gamu da wasu mutum biyu masu irin karatunsa, suka riƙa haɗuwa ran Asabar, kowa ya karanta wa 'yan'uwansa abin da ya rubuta cikin makon, ko da shafi ɗaya ne. A nan ya ga su ma jan biron bai bar su ba. Ya ɗauki al'adar rubutu bayan sallar asuba, sa'a guda kullum, kafin gida ya tashi. Ya zaunar da matarsa ya nuna mata babin da gyare-gyaren da ke kansa, ya gaya mata shekarun da suka rage da kuɗin da za a ci, tun daga ran nan ita ke korar yara daga ƙofar ɗaki. Wajen malaminsa kuma ya koyi zuwa da ladabi amma da takarda, in an gama magana ya rubuta abin da aka shirya da ranar da zai komo. Ya kuma riƙa ajiye aikinsa wuri uku, domin ya ga wanda kwamfutarsa ta ɓata da aikin shekara biyu a ciki.

Akwai matsayin da abin ya kan wuce gajiya. In mutum ya yi makonni ba barci, abinci ya fita ransa, ba ya son ganin kowa, to, wannan ciwo ne, a je ga likita, wancan Dakta na asali. Jami'o'i kuma suna da ƙa'idar jingine karatu na wani lokaci, neman wannan ba faɗuwa ba ne.

Malamin nan ya kare kundinsa a shekara ta shida. Ya ce tambayoyin ba su kai sa'a biyu ba, aka ba shi wata uku ya yi gyara. Da ya komo gida ya tarar an yi shuka ba shi, ƙaninsa ne ya shuka masa geron.