Rumfar sanyi a kan tarakta: yadda ake ɗaura ta da yadda ake aiki da ita

Mai karatu, wannan darasi yana bayani ne a kan wata rumfa ta tampol da ake ɗaurawa a kan tarakta don ta kare direba daga sanyi da iska. Za ka ga inda aka fi amfani da ita, da abin da aka yi ta da shi, da yadda ake ɗaura ta. Za ka kuma ga haɗurran da ke tattare da ita, domin rumfar da aka ɗaura ba daidai ba tana iya halaka wanda ke cikinta.

Inda ake amfani da ita

Asalin wannan rumfa ƙasashe masu tsananin sanyi ne, irin su Kanada da arewacin Amurka da arewacin Turai. Ruwa yana daskarewa idan ma'aunin zafi ya sauka zuwa digiri 0. A wasu jihohin Kanada, kamar Manitoba da Saskacewan, ma'aunin yakan sauka har digiri 30 ƙasa da sifili a watan Janairu. A irin wannan sanyi, idan akwai iska, fatar fuska da yatsun hannu suna iya daskarewa kafin rabin sa'a.

Duk da haka aiki ba ya tsayawa. Manomi yana kai wa shanu ciyawa, yana kuma share dusar ƙanƙara daga hanyar gidansa. Wani yana tura ta da faranti na ƙarfe da ke gaban tarakta. Wani yana da na'ura mai kwasar ta tana watsawa gefe, iska kuwa takan dawo da ita a fuskarsa. Manyan taraktoci suna zuwa da ɗakin direba na ƙarfe da gilashi, amma yana da tsada. Shi ya sa masu ƙananan taraktoci suke sayen rumfar tampol: tana da araha, ba ta da nauyi, kuma ana cire ta idan sanyi ya wuce.

Abin da aka yi ta da shi

Rumfar tana da sassa 3. Na farko shi ne sandunan ƙarfe marasa nauyi, waɗanda ake haɗawa su zama kamar tankar ɗaki. Na biyu shi ne tampol wanda ruwa ba ya ratsawa, shi ke rufe sama da gefuna. Na uku shi ne tagogi na leda mai kauri da ake hangen waje ta cikinta. Ƙofofin suna buɗewa da zif. Wasu rumfunan suna da gilashi a gaba, har da abin goge shi.

Aikin rumfar shi ne tare iska. Jikin mutum yana ɗumama iskar da ke kusa da fatarsa. Idan iska tana kaɗawa, sai ta kwashe wannan ɗumi, jiki ya ci gaba da rasa zafinsa. Idan aka tare iskar, ɗumin yakan zauna a wurin. Akwai wani tsohon salo da ake rufe gefunan injin da tampol, don zafin injin ya gangaro wajen ƙafafun direba. Akwai kuma na'urar ɗumama wuri wadda ke aiki da ruwan zafi na injin.

Kafin ka ɗaura

Kowace rumfa an ɗinka ta ne don wani samfurin tarakta. Ka duba sunan taraktarka da lambar samfurinta, ka tabbata sun dace da abin da ke rubuce a takardar rumfar. Ka shimfiɗa kayan a ƙasa mai tsabta, ka ƙirga sanduna da notuna. Idan karatun takardar ya yi maka wuya, ka nemi wanda zai karanta maka, ku bi zanen tare.

Leda takan sandare a cikin sanyi, idan aka ja ta da ƙarfi sai ta tsage. Saboda haka ka bar tampol ɗin a wuri mai ɗumi na ƴan sa'o'i har ya yi laushi. Ka nemi mataimaki, domin aikin na mutum biyu ne.

Ka duba salansa, wato bututun da hayaƙin injin ke fita ta cikinsa. Idan ya huje, ko ka ga baƙin toka a wajen da ya haɗu da injin, hayaƙi yana tsiyaya ke nan. Makaniki ya gyara shi tukuna.

Yadda ake ɗaurawa

1. Ka tsayar da tarakta a wuri mai shimfiɗa. Ka sauke garma ko duk abin da ke haɗe da ita har ƙasa. Ka ja birki, ka kashe injin, ka cire makulli, ka jira salansa ya huce.

2. Ka ɗaura ƙarafan da za su riƙe sandunan, a wuraren da takarda ta nuna. Kada ka matse notunan tun yanzu.

3. Ka haɗa sandunan, na tsaye da farko, sannan na sama. Ka ja da baya ka duba ko sun miƙe. Idan sun daidaita, sai ka bi notunan ɗaya bayan ɗaya ka matse da sifana. Wanda ya matse tun farko yakan tarar ramin ƙarshe bai dace ba.

4. Ka ɗora rufin sama, sannan na gaba da na baya, ƙofofi su zo a ƙarshe. Ka rufe zif kafin ka ja maɗaurai, don kada ƙofa ta ƙi rufuwa daga baya.

5. Ka ja maɗaurai har tampol ya miƙe, amma ba har ɗinki ya soma buɗewa ba. Ka ɗaure duk igiyar da ta yi saura. Igiyar da ke lilo tana iya naɗewa a taya, ko a sandar da ke juyawa a bayan tarakta.

6. Ka tabbata tampol bai taɓa salansa ba, kuma bakin salansa yana waje, yana fuskantar nesa da direba. Kada tampol ya toshe gaban lagireto, in ba haka ba injin zai yi zafi.

7. Ka hau kujera. Ka taka birki da kuloci, ka juya sitiyari, ka motsa kowace sanda ta aiki. Ka ga ko fitilu da madubai suna fili. Ka gwada fita da sauri ta kowace ƙofa.

8. Bayan aikin rana ɗaya, ka sake matse notunan, domin girgizar tarakta takan sassauta su.

Haɗari na farko: hayaƙin da ba a gani

A cikin hayaƙin injin akwai wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Idan mutum ya shaƙe ta, takan kama jininsa fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi, sau fiye da 200. Daga nan jini ba ya iya kai iskar numfashi ga ƙwaƙwalwa da zuciya. Injin mai aiki da fetur ya fi fitar da ita, amma injin gazuwal ma yana fitarwa. A fili iska tana ɗauke ta. A cikin rumfa kuwa taruwa take yi.

Alamunta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da jin barci. Da zarar ka ji ɗaya daga cikinsu, ka tsaya, ka kashe injin, ka fito fili. Idan ka tarar da direba ya suma a cikin rumfa, ka kashe injin, ka fitar da shi waje, a kai shi asibiti nan take. Madara ko nono ba sa fitar da wannan guba, kuma ba a ɗura wa wanda ya suma komai a baki.

Rigakafin ba shi da wuya. Kullum ka bar wata kafa a buɗe don iska ta shiga. Kada ka bar injin yana aiki a cikin rufaffen gareji. Kada ka taɓa shiga da kaskon gawayi cikin rumfa don jin ɗumi, domin gawayi mai ci yana fitar da wannan guba, ga kuma haɗarin gobara.

Haɗari na biyu: kifewar tarakta

Rumfar tampol tana kare mutum daga iska ne kawai. Sandunanta ba su da ƙarfin ɗaukar nauyin tarakta, idan ta kife za su lanƙwashe. Abin da ke kare rai shi ne wani ƙarfe mai kauri da ke tsaye a bayan kujera, ya zarce kan direba. Ƙasar Suwidin ce ta fara wajabta shi a kan sababbin taraktoci a shekarar 1959. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ce wannan ƙarfe, idan direba ya ɗaura bel ɗin kujera, yana hana mutuwa ko mummunan rauni kashi 99 cikin 100 idan tarakta ta kife.

Don haka kada ka cire shi domin rumfa ta zauna. Kada ka huda shi, kada ka yi masa walda, domin hakan yana rage ƙarfinsa. Da maƙalai na ƙarfe ake riƙe rumfa a jikinsa. Idan taraktarka tana da wannan ƙarfe a tsaye, ka ɗaura bel. Idan ba ta da shi, ba a ɗaura bel, kuma ya kamata a nemi na samfurinta a sa mata. Tarakta tana iya kifewa ta baya a cikin daƙiƙa ɗaya da rabi, wanda ke cikin rumfa ba shi da lokacin buɗe zif.

Haɗari na uku: rashin gani da rashin ji

Numfashin direba yana da danshi, yakan sa tagogi su yi hazo. Buɗe kafa yana rage wannan. Tampol yana kuma rage jin muryar mutanen da ke waje. Kafin ka ja da baya, ka leƙa ka tabbata babu yaro ko dabba. Ka rage gudu. Ka tuna rumfa ta ƙara wa tarakta tsawo, ka lura da rassan itatuwa da bakin ƙofa.

Kula da rumfar

Ka fara zuba wa tagogi ruwa don yashi ya sauka, sannan ka wanke da sabulu marar ƙarfi da tsumma mai laushi. Goge su a bushe yana karce su. Fetur yana lalata leda. Idan za ka ajiye rumfar, ka bari ta bushe, ka naɗe tagogin kamar tabarma, kada ka ninke su. Ka ajiye a inuwa, inda ɓera da gara ba su kaiwa.

Abin da ya shafe mu

A ƙasarmu dusar ƙanƙara ba ta zuba. Amma daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas da sanyi da ƙura, a daidai lokacin da ake noman rani. Direban da ya fita da asuba a Maraɗi, Damagaram ko Tawa yana iya tunanin kewaye kujerarsa da tampol ko buhu. Duk ƙa'idodin da ka karanta sun shafe shi: a gyara salansa, a bar kafar iska, a nisanta tampol daga wurin zafi, kada a taɓa ƙarfen kariya. Tampol ba ya hana ƙura mai laushi shiga, don haka a rufe hanci da baki.

Idan hantsi ya yi, ka buɗe ƙofofi. Idan bazara ta shigo, ka cire gefunan gaba ɗaya, ka bar rufin sama don inuwa. A watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, rufaffiyar rumfa kuwa tana tara zafin da zai iya sumar da direba.

Idan ƙungiyarku ta manoma tana da tarakta, ka karanta wa direbanku wannan darasi, ku duba salansa da ƙarfen kariya tare kafin sanyi ya shigo.