Me Ya Sa Kare Ke Haki da Bazara?

A ƙasar Zuru, inda ake kiwon karnuka don farauta da gadi, zafin Maris da Afrilu kan gallabe su. Mutum yakan huce da gumi, amma kare ba ya gumi sai kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake hucewa: danshin harshensa ya bi iska, ya tafi da zafi. Ɗumin jikin lafiyayyen kare digiri 38 zuwa 39 ne a ma'aunin salshiyas. Idan ya haura 41, ransa na cikin haɗari. Don haka a tanadar masa inuwa da ruwan randa, a daina fita da shi farauta da tsakar rana. Idan ya galabaita, a jiƙa shi da ruwan sanyi, a garzaya asibitin dabbobi.