Rawar hannu ba kullum tsufa ba ce

A Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela, in hannun dattijo ya fara rawa, sai a ce tsufa ne ko sammu. Wani lokaci kuwa ciwon Parkinson ne, wanda likitan Ingila James Parkinson ya bayyana a 1817. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 masu ciwon sun haura miliyan 8 da rabi.

Ciwon yana tasowa ne in ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dopamin suka mutu. Shekaru kafin rawar, mutum kan daina jin ƙamshi, cikinsa ya riƙa ɗaurewa, ya yi ta ihu da naushi cikin barci. Daga baya tafiya ta yi nauyi, murya ta yi ƙasa.

A 2023, masana na Jami'ar Cardiff a Biritaniya sun nuna cewa agogon hannu mai auna motsi na iya hango ciwon shekara 7 kafin likita ya tabbatar.

Kafin irin wannan agogo ya iso ƙauyukanmu, idon iyali ne ma'auni. Jama'a, in kun ga alamun nan, ku kai mutum asibiti, a Ƙonni ko Galmi. Maganin levodopa ba ya warkarwa, amma yana sassauta rawar da taurin jiki.