Kwamfuta a Cikin Kwamfuta: Firaktikal Ba Sai an Buɗe Laf Ba

Duk ɗalibin sashen kwamfuta ko na lantarki ya san wannan matsalar. An koya maka abu a allo, ranar firaktikal kuma ku biyar ne a kan na'ura ɗaya. Ka ce bari ka gwada Linux a laftof ɗinka, sai tsoro ya kama ka kada ka goge furojet ɗinka gaba ɗaya. To, akwai mafita, kuma ba ta cin ko sisi: manhajar kwaikwayon kwamfuta, wato emuleta.

Ga yadda abin yake. Kowace ƙwaƙwalwar kwamfuta tana da yaren da take ji. Yawancin laftof ɗinmu yaren x86 suke ji, wayoyinmu kuwa ARM. Emuleta tafinta ce: tana karɓar umarnin da aka rubuta don wata na'ura, ta juya shi zuwa wanda taka take ganewa. Manhajar da ke ciki sai ta ɗauka a gidanta take, alhali a cikin taga ɗaya take a kan allonka. Faifanta ma fayil ne guda. In ka ɓata shi, goge ka sake sabo, takardunka na nan lafiya.

Babba a wannan fage ita ce QEMU, wadda wani Bafaranshe, Fabrice Bellard, ya fara fitarwa a 2003. Tana kwaikwayon ARM da MIPS da RISC-V da wasunsu, kuma a kanta aka gina wayar gwaji ta Android Studio. Sai DOSBox, wadda ta fito a 2002, mai tayar da tsofaffin manhajojin DOS irin su QBasic da Turbo C da suka ƙi tashi a sabuwar Windows. Masu karatun netwok kuma ga GNS3: ka haɗa rauta da suwic a kan allo, ka yi ta saiti har hannunka ya faɗa.

Dukkansu buɗaɗɗu ne a ƙarƙashin lasisin GPL. Ma'ana, kana da damar amfani da su, ka karanta lambobin da aka rubuta su da su, ka gyara, ka tura wa abokinka a filash. Don haka babu dalilin bin manhajar sata da ake yawo da ita a hostal, wadda sau da yawa ke zuwa da bairos.

Amma a kula da abu uku. Na farko, fassara na cin lokaci, saboda haka kwaikwayo ya fi na'urar gaske nauyi. In yaren ciki da na waje ɗaya ne, kunna VT-x ko AMD-V a BIOS, za ka ga bambanci. Na biyu, in RAM ɗinka 4GB ne, kada ka ba baƙuwar fiye da rabi, kuma ka zaɓi Linux mara nauyi kamar Alpine. Na uku, emuleta kyauta ce, amma ba duk abin da ake sakawa cikinta ne kyauta ba. Windows na da lasisi, haka manhajar rautar Cisco. FreeDOS da Debian kuwa halal ɗinka ne.

Shawarata, ku haɗu ku uku ko huɗu, mutum ɗaya ya sauke daga shafin masu manhajar, sauran su kwafa, datar kowa ta huta. Ku fara da DOSBox a ƙarshen makon nan, don ta fi sauƙi. Ranar difens, tambayar da za a yi maka ita ce me ka taɓa yi da hannunka.