Kyamarar Tsaronka Tana Iya Buɗe wa Ɓarawo Ƙofa

'Yan kasuwa, masu rumbunan ajiya, gidajen mai, otal-otal da asibitocin kuɗi, ku ba ni hankalinku. Duk na'urar da kuka jona da intanet don ku riƙa duba ta daga waya, kyamarar tsaro ce, inbatar sola ce ko na'urar bin sawun tirela, ƙofa ce kuka fasa a bangon kasuwancinku. Da yawa cikin waɗannan ƙofofi har yau makullin masana'anta ne a jikinsu, makullin da ɓarayin duniya suka daɗe da haddacewa.

Na'ura takan fito daga kwali da suna da kalmar sirri na wucin gadi, irin su admin da 12345. Mai haɗawa ya zo, ya ja waya, hoto ya fito a allo, ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba, ba a canza komai ba. Masu kutse kuwa ba sunanka suke nema ba. Manhaja suke saki, ta yi ta bin adireshin intanet ɗaya bayan ɗaya dare da rana tana gwada waɗannan makullai. Saboda haka kada ka ce, "Wa ya san da ɗan shagona a lungu?" Manhajar ba ta bambance babban attajiri da ɗan tireda, inda bango ya tsage nan ƙadangare yake shiga.

An ga ɓarnar a 2016, lokacin da wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta ɓulla. Da makullan masana'anta kimanin 60 kacal ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori, na'urorin naɗar hoto da na rarraba intanet, masu su ba su sani ba, ta mayar da su runduna. Ranar 21 ga Oktoba aka tura rundunar kan kamfanin Dyn na Amurka, sai Twitter da Netflix da wasu manyan shafukan da suka dogara da shi suka ƙi buɗuwa ga ɗimbin jama'a na sa'o'i. Afirka ta Yamma ma ba ta tsira ba: da irin wannan manhaja wani ɗan Birtaniya, Daniel Kaye, ya afka wa kamfanin sadarwa na Lonestar a Laberiya, har intanet ta tsaya wa jama'a da dama. A Janairun 2019 wata kotu a Landan ta ɗaure shi wata 32. Bayan haka, a Maris 2021, wasu masu kutse suka samu hanyar leƙa kyamarori kusan 150,000 na abokan cinikin kamfanin Verkada, har da na asibitoci, makarantu da gidajen yari.

Yanzu ka auna da shagonka. Wanda ya shiga kyamararka ya san ƙarfe nawa kuke ƙirga ciniki, ya san aljihun teburin da kuɗi ke kwana, ya san lokacin da maigadi yake gyangyaɗi. Idan kuma layi ɗaya kyamarar take da kwamfutar lissafi, daga nan zai iya tsallakawa kan bayanan abokan cinikinka, amanar da suka damƙa maka. Tun 29 ga Afrilu 2024 dokar Birtaniya ta haramta sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri mai sauƙin cinta, amma wannan doka ba ta gadin shagon da ke Kantin Kwari ko kasuwar Maraɗi. Gadin yana wuyanka.

Ga abin yi, kuma yau ɗin nan. Ka rubuta duk na'urar da ke jone da intanet a wurinka, domin wadda ka manta da ita ce ta fi haɗari. Ka sa a canza kalmar sirrin kowacce a gabanka, doguwa, kowace na'ura da tata, kada ka sa lambar wayarka ko sunan ɗanka. Ka ce wa mai haɗawa ya raba layi: kyamarori daban, kwamfutar kuɗi daban, na baƙi daban. Ya rufe duk hanyar shiga daga nesa da ba ka amfani da ita, ya kuma sabunta manhajar cikin na'urar. In yaron shago ya bar aiki, ko kun rabu da mai haɗawa, a ranar za a sake makulli.

In za ka sayi sabuwa, ka tambayi mai sayarwa: wane kamfani ya ƙera ta, kuma har yaushe zai ci gaba da aiko gyaran tsaro? Wadda ba ta da amsa, ka bar masa kayansa, araha ba ta ado.

Gemun wasu ya riga ya kama da wuta, ka shafa wa naka ruwa. Kafin ka sa kwaɗo a ƙofar shago da yamman nan, ka kira wanda ya haɗa maka kyamara, ku zauna tare ku canza kalmar sirrin. Sannan ka gaya wa maƙwabcinka na layi shi ma ya yi haka. Allah Ya tsare mana dukiya da mutunci.